Gwiwar Munzali

Ina bakin fili lokacin da gwiwar Munzali ta tafi, don haka ba labari aka ba ni ba. A Gwaram ne, ƙarshen bazara, ana wasan kusa da na ƙarshe a gasar samarin ƙauyuka. Ni ɗalibi ne mai karatun gashi, wato gyaran jijiyoyi da gaɓoɓi bayan an ji rauni, an turo mu daga Kano koyon aiki a wani asibiti a Birnin Kudu. Shugabar sashenmu, Malama Sharifa, ba ta yarda ɗalibi ya gama zamansa bai zauna a bakin filin ƙwallo ya ga yadda ake jin ciwon da idonsa ba. Shi ya sa duk ranar wasa nake hawa motar Gwaram da kular ƙanƙara da bandeji, in zauna cikin rana 'yan kallo suna tsokanata, wai mai ƙanƙara ya kawo musu ta goma.

Munzali ɗan gaba ne, siriri, bai cika shekara ashirin ba, kuma wallahi yaron ya iya ƙwallo. Ya tare ta da ƙirji, ya dasa ƙafar dama zai juya, takalmin ya kafe a ƙasa, jiki ya juya ƙafa ba ta bi shi ba. Babu wanda ya taɓa shi. Daga inda nake zaune na ji ƙarar, kamar igiyar guga ta tsinke. Kafin in isa har abokansa sun kama ƙafar za su ja, irin yadda aka saba, sai da na daka musu tsawa. Na ɗora ƙanƙara, na naɗe, na ce wa kocinsu lallai a kawo shi Birnin Kudu da safe. Munzali bai yi kuka ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko zai samu buga wasan ƙarshe.

Washegari mahaifinsa, Malam Ishiyaku, da yayansa Barau suka kawo shi a kan babur. Aka yi hoto. Malama Sharifa ta kwantar da shi, ta kama ƙwaurin ta jawo gaba, ya biyo hannunta sakwa-sakwa, ta ce in sa nawa hannun in ji. Sannan ta zaunar da uban ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce ƙashi lafiya lau yake, amma jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke, ita kuwa jijiya ba ta fita a irin wannan hoton. Ta ce in aka bar shi ya huta, ya riƙe sanduna, ya riƙa zuwa gashi na wasu watanni, zai yi tafiyarsa, ya yi nomansa, wataƙila ma ya koma fili. Abin da gwiwar ba za ta ɗauka ba yanzu shi ne kaya mai nauyi, da juyi, da tafiya a ƙasa mai laushi.

Malam Ishiyaku dattijo ne mai natsuwa, farin gemu, ba ya katse mutum. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ɗaga hoton ya haska shi a taga, ya duba ya sake dubawa, ya ce, "To alhamdulillahi. Tunda babu karaya, ai targaɗe ne."

Malama ta sake maimaita zancen jijiya. Ya ce ya ji, Allah ya saka da alheri. Ya mayar da hoton cikin ambulan a hankali, ya sa a hammata.

Aka damƙa min Munzali, shi ne mara lafiya na farko da na riƙe da kaina. Ranar kasuwa kawai yake samun zuwa, don ranar ce Barau ke shigowa gari da babur. Na fara masa da ƙananan abubuwa: ya miƙe ƙafa ya matse cinya, ya ja dunduniya a kan tabarma har gwiwa ta lanƙwashe, ya ɗaga ƙafa da safa cike da yashi a ɗaure a idon sawu. Ban taɓa ganin mai naci irinsa ba. In na ce ya isa, sai ya ce saura kaɗan. Likita yake kirana, na gaya masa ni ɗalibi ne har na gaji, ya ce wanda ya hana a ja masa ƙafa a fili ai ya gama zama likita. Kumburin ya saɓe, cinyar ta fara cikowa, ya fara taka ƙafar da sanda ɗaya. Ni kuwa har wani tafiya nake da ƙirji a gaba, kai ka ce ni na halicci gwiwar.

A cikin raha yake ba ni labarin gida. Wai in ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya yana ɗaga ƙafa, Yaya Barau kan wuce ya ce a yi shiru, Alhaji yana motsa jiki. Matar Barau ma ta ɗauka, in ta miƙo masa tuwo sai ta ce ga abincin masu hutu. Yana faɗa yana dariya, ni ma ina taya shi, don a lokacin abin bai wuce tsokana ba.

Sai ruwan shuka ya sauka.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Malama ta yarda in ɗora shi a kan keken motsa jiki, irin wanda aka kafe a ƙasa, ana tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Da feda ta zagaya karon farko ba tare da ya cije leɓe ba, sai da ya yi kabbara. Yana cikin tuƙawa, gumi na zuba, yana dariya, Barau ya leƙo ya ce masa ya yi sauri hadari ya taso. Ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne mara lafiyar?" in ji shi.

Na yi masa bayani cewa a kan keke nauyin mutum ba ya kan gwiwa, kuma gaba kawai ƙafar take zuwa ta dawo, babu juyi. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu.

"Likita, ai ita ma garmar shanu gaba kawai take tafiya."

Ya ɗauki ƙanensa suka tafi. Kasuwa ta sake zagayowa, ban ga Munzali ba. Ta kuma zagayowa, shiru. Da na same shi a waya ya ce in yi haƙuri, Baba ya ce ya ɗan riƙe garma a gama huɗar gyaɗa, da an gama zai dawo. Na tambaye shi ina Barau. Ya ce Yaya yana da iyali, damina ce lokacin da babur ke kawo masa abin cefane, ba zai ajiye ba.

Sau ɗaya ya samu ya sulalo, a motar haya, ba da sanin kowa ba. Ya shigo yana dafa bango. Gwiwar ta koma yadda take ranar farko, har ta fi, ta yi sumul da ruwa. Ya ce a tsakiyar kunyar gona ba ya jin komai sosai, sai an kai ƙarshe, inda ake ɗaga garma a juya shanu. A nan ƙafar take zamewa daga ƙarƙashinsa, ya faɗi, ya tashi ya kaɗe jiki kafin a gani. Na tambaye shi sanduna. Ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya ɗora su a kan rumfa, wai mutane sun dame shi da zuwa dubiya kamar an yi karaya a gidan, kuma saurayi da sanda biyu a ƙofar gida ba abin kallo ba ne mai kyau.

Malama Sharifa ta duba shi, ta bari ya fita. Sannan ta ce duk faɗuwar da yake yi, guringuntsin cikin gwiwar yake yagawa, kuma shi in ya tafi ba ya dawowa. Ta ce in je gidan in yi magana da uban, amma in bar zafin kaina a Birnin Kudu, don ta san hali. Na ce to.

Ƙauyen yana bayan Gwaram, sai an sauka mota an hau babur. Na isa da hantsi. A ƙofar gida na tarar da Malam Ishiyaku a tsugune gaban wani farin bijimi, ya riƙe ƙafarsa ta gaba yana gasa ta da tsumma da ruwan ɗumi. An kafa wa bijimin turke a inuwar darbejiyar nan da Munzali ke ba ni labari, an shimfiɗa masa busasshen yashi, ga dusa da kanwa a cikin kwatarniya. Muka gaisa, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Na yi masa jajen dabbar. Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce kututture ya taka a gona, ya fara ɗingishi, shi kuwa nan take ya kwance masa karkiya. Ya ce wanda bai san shanu ba shi ke cewa ai ɗan ɗingishi ne, a lallaɓa a gama aiki. In ka matsa wa sa yana ɗingishi, ka kashe shi da ransa, ba zai ƙara moruwa ba. Ko ya daina ɗingishin ma ba a mayar da shi nan da nan, sai an ƙara masa kwanaki ƙafar ta yi ƙwari. Ya ce har Bafulatanin da ya san maganin dabbobi ya ɗauko daga ruga ya duba masa.

Ina zaune ina jin wannan karatu, wanda ko Malama Sharifa ba za ta gyara masa ko kalma ɗaya ba. Na tambaye shi ina Munzali.

Ya ce yana gona. Tunda bijimi ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai, dole sauran huɗar a tayar da ita da hannu.

Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Na tuna da kashedin Malama, na haɗiye, na faɗi abin da ya kawo ni cikin ladabi. Ya saurare ni kamar yadda ya saurare ta. Sannan ya tashi ya shiga gida, ya fito da ambulan ɗin nan, ya zaro hoton ya haska a rana. Ya ce ba shi ya ɗauki wannan hoto ba, mu muka ɗauka, kuma mu muka ce ƙashi lafiya. Ya ce Barau ya ga yaron da idonsa yana tuƙa keke yana dariya. Ya ce ba shi ya aike shi ƙwallo ba, kuma bai taɓa ganin gidan da ƙwallo ta cika wa rumbu ba. Shi da nake gani, ya yi damina guda yana noma da kurkunu a ƙafa, bai kwanta ba, ga shi bai mutu ba. Ruwan sama kuma ba ya jiran mai ciwo, in aka bari ƙasa ta sha iska, shekarar ta wuce. Ya ce in kwantar da hankalina, da an gama maimai shi da kansa zai kawo mana shi.

Na ce, "Baba, ai shi ma bijimin nan babu karaya a ƙafarsa."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, ya ce, "Ɗan nan, dabba ba ta iya ƙarya ba. In ta yi ɗingishi, ciwo take ji. Mutum kuwa ya iya."

Ya koma ya tsuguna, ya matse tsummansa.

Da zan wuce gonar, Inna Barira, mahaifiyar Munzali, ta tsayar da ni daga bayan ƙyauren zaure. Murya ƙasa-ƙasa ta ce tana jin sa kullum da asuba, sai ya kama ƙofa ya daɗe kafin ya iya miƙewa. Ta yi magana, an ce mata mace ba ta san zafin damina ba. Na ce ta ƙara yi, ita uwa ce. Ta ce to in ya kwanta wa zai yi, malam ya tsufa, Barau kuma ba a taɓa shi. Ta ce in dai taya su da addu'a. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duk a lokaci guda.

Na hango shi tun daga nesa, shi kaɗai a tsakiyar gona. Ya ɗaure gwiwar da tsohon ɗankwali, ya duƙa, yana kafta garmar hannu yana juya ƙasa, duk kaftawa ɗaya sai ya ja ƙafar dama ta biyo shi cikin laka. Cinyar da muka sha wuya muka ciko da ita ta zube, wandon yana lilo a kanta. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye sosai, ya yi murmushi irin na mai jin kunya. Ya ce kada in ce ya watsar, yana yin motsa jikin da na koya masa kafin a fito, safar yashinsa ma tana nan. Na ce ya ajiye garmar nan ya bi ni yanzu. Ya girgiza kai.

"Likita, don Allah kar ka ƙara zuwa. In ka tafi cewa za a yi na kai ƙarar Baba wurin baƙi."

Na tsaya a kan kunyar da ya tayar. Karatun da na yi duk na yadda ake gyara gwiwa ne, babu inda aka koya mana yadda ake karɓo ɗa daga hannun ubansa. Na sake naɗe masa ƙafar da bandejin da na zo da shi, na san kafin azahar laka ta cinye shi. Na hau babur ina waiwaye, shi kuwa har ya koma ya duƙa.

Sauran labarin daga baya na tattara shi, wani daga bakin Munzali, wani daga bakin Inna Barira a barandar asibiti. Aka gama huɗa aka shiga noma, aka gama noma aka shiga maimai. Gwiwar ta riƙa maƙalewa, in ta lanƙwashe sai ta ƙi miƙewa sai ya girgiza ta da hannu. Wata safiya ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, ya kasa tashi sam. Malam Ishiyaku ya tsaya a kansa ya ce ga ciyawa ta taso wa gyaɗa, shi kuma ya zaɓi yau. Barau ne ya kawo shawara. Ya ce ruwa ne ya taru, kuma ba sai an je Birnin Kudu an ce a kwanta wata da watanni ba, wanzami zai fitar da shi yanzu-yanzu. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya, ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya huda gefen gwiwar. Ruwa ya fita, kumburi ya saɓe, gida ya yi murna. Barau har yana cewa ga aikin da 'yan boko suka kasa an gama shi kafin a sauke tukunya.

Da ya kwana biyu aka ce ai ya samu sauƙi. Ya koma gona da hudar a buɗe, an toshe ta da auduga an ɗaure da ɗankwalin nan, yana tsugune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana cirar ciyawa. Zazzaɓi ya rufe shi. Aka ce na damina ne, kowa ma yana yi, aka sayo masa ƙwayoyi a kemis. Ya daina cin abinci. Ya fara sambatu, yana kiran a ba shi ƙwallo ga shi shi kaɗai a gaban raga. Sai da ɗakin ya fara wari, Inna Barira ta fito tsakar gida ta zauna a ƙasa ta ce ba za ta ƙara ɗora tukunya ba sai an fita da ɗanta, sannan aka nemo mota.

Ina sashenmu aka aiko in zo ɗakin maza. Da ƙyar na gane shi. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, gwiwar ta yi baƙi tana tsatstsafar da mugunya. Likitan ƙashi ya shiga da shi tiyata a ranar, ya buɗe ya wanke, daga baya ya sake wankewa. Ya ce an yi sa'a, da an ƙara jinkiri da ƙafar za a yanke, ko a rasa yaron gaba ɗaya. Na yi hamdala tare da kowa, kuma har zuciyata na yi ta.

Da zazzaɓin ya sauka aka dawo mana da shi. Malama Sharifa ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwar, ɗaya a dunduniya, ta lanƙwasa a hankali. Ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya cak, ana jin ƙashi yana gugar ƙashi. Munzali ya damƙe ƙarfen gado, hawaye na bin kunnensa, bai yi ƙara ba. Ta ce masa sannu, ta ja ni waje. Ta ce mugunyar ta cinye guringuntsin ƙaf, gaɓar za ta haɗe ta sandare, babu gashin da zai hana. Aikinmu yanzu shi ne mu tabbatar ta sandare a miƙe, yadda zai iya takawa, kada ta sandare a lanƙwashe.

Wannan shi ne darasi mafi ɗaci da na koya a zamana na Birnin Kudu. Ni da na yi ta lallashin gwiwar nan ta lanƙwashe, ina murna da duk ɗan abin da ta ƙara, ni ne kuma aka sa na riƙa ɗaure ta a miƙe ina jiran ta mutu. Munzali yana kallon hannuna, ya san bambancin. Wata rana ya tambaye ni yaushe za mu koma kan keke. Na fara kame-kame, ya ce in bari, ya gane. Ya ce in na je Gwaram in gaya wa koci ya ba wani rigarsa.

An sake yin hoto kafin a sallame shi. Wannan karon ko makaho ya shafa zai san an yi ɓarna, bakin ƙasusuwan duk ya zaizaye. Aka nuna wa Malam Ishiyaku. Ya haska shi a taga kamar yadda ya yi wa na farko, ya daɗe, ya yi salati, ya ce yanzu kam ga ciwo nan ya fito. Washegari sai ga shi da sandunan nan biyu, ya sauko da su daga kan rumfa, rana da ruwa sun ci robar hammatarsu. Ya miƙa min ya ce mu riƙe yaron har sai ya warke sarai, kada mu yi masa gaggawa, ai aiki ya yi sauƙi yanzu, sai jiran kaka.

Na karɓi sandunan. Da na buɗe baki a lokacin, da na faɗi abin da za a kore ni daga makaranta.

A barandar kuwa, kowa ya zo dubiya da abin da ake gaya masa. Malam Ishiyaku yana cewa ƙaddara ce, kuma ƙwallo ce sila, ya sha hana shi. Barau yana cewa su fa asibiti ne suka ce musu babu karaya. Matarsa tana cewa dama yaron ba ya faɗin abin da ke damunsa, da ya yi magana ai da an sani. Masu dubiya suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya sa kaffara ne. Ban ji mutum ɗaya ya ambaci garma ba.

Abin da ke ci min rai har yau shi ne, ba mugaye ba ne. Da mugaye ne da na samu inda zan ajiye haushina in huta. Malam Ishiyaku bai taɓa zagina ba, bai taɓa dukan ɗansa ba, a asibiti a kan tabarma ya riƙa kwana a gindin gadonsa. Kuma ba jahilci ba ne, kada wani ya ce min jahilci ne. Mutumin nan ya san ciwon gaɓa, ya san hutu, ya san ba a mayar da mai ɗingishi aiki sai ƙafa ta yi ƙwari, da bakinsa ya karanta min. Ya dai duba gidansa ne ya ga wanda in ya lalace za a ji a jika, da wanda in ya lalace za a ce Allah ya kawo. Irin gidajen nan suna da yawa, daga Wurno har Yalwan Damai, har cikin Kano ɗin da na fito. Akwai ɗan da ba ya musu, shi ake ɗora wa komai, in ya ce wayyo a ce lalaci ne, in ya yi shiru a ce ai lafiyarsa ƙalau.

Zamana ya ƙare da kaka. Kafin in koma Kano na je Gwaram in mayar wa koci da kular ƙanƙarar da ya ara min, na ce bari in ƙarasa ƙauyen in yi sallama. Ban kai gidan ba na haɗu da su a hanya. Amalanken shanu ne shaƙe da dammunan gero, bijimai biyu suna ja, farin yana dama, ya yi ƙiba, yana taka ƙasa daram babu alamar ya taɓa ciwo. Munzali yana zaune a bakin amalanken da igiya a hannu, don shi ne aikin da zai iya yanzu. Ƙafar dama tana miƙe a gabansa kamar taɓarya, sandunan suna soke a cikin dammuna. Ya ce, "Likita," ya yi murmushi, ya tambaye ni ko an fara shirin gasar baɗi.

Malam Ishiyaku yana tafe a gefe da carbi. Ya yi murna da ganina ƙwarai, ya ce lallai sai na tafi da gyaɗa, bana an samu albarka. Sannan ya kama hannuna ya ja ni gaban amalanken, ya dafa wuyan farin bijimin yana shafawa.

"Ka gane shi? Wanda ka tarar ina gasa wa ƙafa. Dubi yadda ya koma. Da na yi masa gaggawa, da yanzu na rasa shi."

Na ɗaga kai na dubi Munzali. Ya ji, don ba nisa. Ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar ya gyara mata wuri a kan katako, ya kaɗa igiya, shanun suka ci gaba da tafiya.